Amaryar Zakara

Ba yawon buɗe ido ne ya kawo Malam Shitu ƙasar Sin a watan Nuwamba na shekarar 2008 ba, ko da yake abin da ya shaida wa maƙwabtansa na Gwale ke nan. Magana ɗaya ce ta ɗaga dattijo mai shekara sittin da bakwai daga Kano zuwa birnin Guangzhou. 'Yarsa Mas'uda, wadda ke shekarar ƙarshe ta karatun likita a birnin, ta faɗa wa mahaifiyarta a waya cewa a ba Dakta Badamasi haƙuri, ba za ta aure shi ba, zuciyarta tana wurin wani.

Badamasi ɗan aminin Malam Shitu ne, likita a Kano, mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wanin kuwa Rilwanu ne, ɗan Gumel wanda mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Sana'arsa ita ce ya sayo wa 'yan Kantin Kwari tufafi a kasuwar Canaan da ke Guangzhou, ya tara a sito, ya loda musu a kwantena. Hajiya Turai, matar Malam Shitu, ta rantse 'yarta ba za ta bar likita ta auri ɗan dako ba. Shi kuwa Malam Shitu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a kwalejin horon malamai, bai saba yanke hukunci a kan labarin da bai bi diddiginsa ba.

"Gani ya kori ji," ya ce da matarsa. "Zan je in ga yaron."

Da ya iso, ba wanda ya ce masa ga mai neman 'yarka. An dai gabatar masa da Rilwanu a matsayin ɗan'uwa wanda ya san gari. Rilwanu ya kai shi hubbaren da Musulmin birnin ke jinginawa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Dattijon ya yi addu'a, sannan ya juyo cikin ladabi ya bayyana wa waɗanda ke wurin cewa littattafan da aka fi dogara da su sun nuna a Madina aka binne sahabin. A nan Rilwanu ya gane irin mutumin da Allah ya haɗa shi da shi, ya kuma ƙudura abin da ya tayar wa Mas'uda hankali: zai kai dattijon yankin Kaiping ya ga tsofaffin gine-gine.

"Kaiping fa ka ce!" Ta tare shi a bakin ƙofar jami'a. "Sai an kwana a hanya. Ka haukace ne?"

"Likita, kwantar da hankalinki."

"Kada ka ce min Likita yanzu. Kai da ko ƙofar sito ba ka fita sai ka duba gabas da yamma?"

Tana da dalilin tsoro. A farkon shekarar, gabanin wasannin Olamfik na Beijing, hukuma ta tsananta sabunta biza. 'Yan kasuwar da suka saba tsallakawa Makau su dawo da sabon hatimi suka tarar ƙofar ta rufe. Rilwanu yana da kayan mutane a hannunsa, bai iya tafiya ya bar su ba, har bizarsa ta mutu yana cikin ƙasar.

"To me zan nuna wa Baba?" ya ce a hankali. "Dilolin wando? Dakta Badamasi yana da asibiti, yana da suna, yana da uba. Ni hanya kawai na sani, Mas'uda. Ki bar ni in nuna masa hanya."

Ta share ido da gefen mayafinta.

"In suka kama ka fa?"

"In na zauna a sito ma, Badamasi zai kama ki. Kowanne dai kamu ne."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Suka tashi da safiyar Asabar a wata farar motar haya. Direban, wani dattijon Basine mai suna Lao Chan, ɗan asalin yankin ne. Rilwanu ya zauna gaba kusa da shi, uba da 'ya suna baya. Suka wuce masana'antun Foshan, suka shiga ƙasar tafkunan kifi da ayaba da rake, har gonakin shinkafa suka buɗe a gabansu, sun nuna jajir suna jiran lauje.

A tsakiyar gonakin ne Malam Shitu ya fara ganin hasumiyoyin. Dogaye ne, hawa biyar, hawa shida, tagoginsu ƙanana da ƙyauren ƙarfe, amma a can sama ga ginshiƙai irin na Girka, ga baka irin na Italiya, ga ƙubba. Ya sa aka tsaya, ya fito ya gyara tabarau.

"Uwata, zo ki gani." Haka yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. "Na zauna a Ingila a shekarar 1974, na kuma ratsa ƙananan garuruwan Faransa da Italiya a jirgin ƙasa. Wallahi sai ka ce wani ne ya tsinto su ya dasa cikin shinkafa."

Ya ci gaba, kamar yana gaban allo. Mazan wannan yanki, in ji shi, tun tsakiyar ƙarni na sha tara suke fita ci-rani zuwa Amurka, wadda suke kira Dutsen Zinariya. A shekarar 1882 Amurka ta kafa dokar da ta hana leburorin Sin shiga, ba a soke ta ba sai 1943. Waɗanda ke can ba su iya kai matansu ba. Sai suka riƙa aiko da kuɗi da hotunan gine-ginen da suka gani, maginan ƙauye suka kwaikwaya, suka ƙara musu ƙarfe saboda 'yan fashi, suka ƙara musu tsawo saboda ambaliya.

"A bara, watan Yuni, aka sa su cikin kayan tarihin duniya," ya ƙarasa. Ya dubi Rilwanu. "Samari, wa ya gaya maka zan so wurin nan?"

"Ba kowa, Baba. Na dai yi tsammani."

"Tsammaninka ya yi daidai."

Da azahar suka isa Chikan, tsohon gari a bakin kogi, mai dogon layin shaguna da rumfunan siminti waɗanda aka gina a shekarun 1920. Fentin ya koɗe, ciyawa ta tsiro a kan baranda, tsofaffi na zaune suna wasan karta. Mas'uda ta shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya, ta fito da dambun nama da ƙuli-ƙulin da mahaifinta ya zo da su daga Kano, da burodi da shayi a fulas.

"Bismillah, samari."

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi." Rilwanu ya karɓi nasa a takarda ya zagaya bayan mota.

Malam Shitu ya bi shi da kallo, ya kurɓi shayi.

"Wannan ɗan jagora naki, Uwata, azumi yake yi? Tun da na zo ƙasar nan ban ga ya kai loma baki a gabana ba."

Mas'uda ta sunkuyar da kai.

"A garinmu dai," in ji dattijon, "mutum ɗaya na sani wanda ba ya iya cin abinci a gaban wani dattijo. Ban sani ba ko a Sin an canza."

"Baba..."

"Ci abincinki."

Amma ta ga murmushi a gefen bakinsa, zuciyarta ta yi sanyi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Da yamma suka sauka a wani ƙaramin masauki. Matar da ke karɓar baƙi ta miƙa hannu tana neman fasfo, domin doka ce a rubuta kowane baƙo a sanar da 'yan sanda. Mas'uda ta ba da nata da na mahaifinta. Rilwanu ya ja da baya, ya ce yana da aboki a garin, can zai kwana.

Da asuba Malam Shitu ya fito tsakar gidan da butarsa. Har yanzu jikinsa bai saba da cewa a wannan ƙasa yamma ake fuskanta a yi salla ba, don haka yakan so ya fito ya ga inda alfijir ya keto, ya ba shi baya. Yana wucewa ta gefen motar ya ga gilashinta ya yi raɓa daga ciki. Ya leƙa. Rilwanu ne a ƙudundune a kujerar baya, ya lulluɓa da darduma, haƙoransa na haɗuwa don sanyi.

Dattijon ya ƙwanƙwasa gilashi.

Suka yi salla tare. Da suka shafa addu'a, Rilwanu ya ja baya ya tsuguna.

"Ina abokin naka?"

"Babu aboki, Baba. Ƙarya na yi, ka yafe min."

"Fasfonka fa?"

"Yana aljihuna. Bizar ce ta mutu."

Ya faɗi komai, bai rage ba. Malam Shitu ya saurara yana jan carbi.

"Ka san haka, ka fito da ni daga birni, inda kowane masauki zai tona ka?"

"Na sani."

"Ka kwana cikin sanyin nan don wani tsoho ya ga hasumiya." Ya girgiza kai. "To, tun da mun bar wasan ɓuya, faɗa min. Yaya kake nufin yi da 'yata?"

Rilwanu ya ƙara sunkuyawa.

"Baba, bai kamata in yi wannan magana da bakina ba, amma manyana suna nesa. In ka amince, kawuna zai zo Gwale. A ɗaura a Kano da wakili, kamar yadda ake yi. Ita in ta gama a watan Yuli dole ta koma, gwamnatin jiha ce ta biya mata karatu, za ta yi musu aiki. Ni kuma in sallami kayan mutane, in tara abin da zan kama sana'a da shi a gida, sannan in miƙa kaina ga hukuma su mayar da ni."

"Yaushe?"

"Baɗi, in Allah ya yarda."

Carbin ya tsaya a hannun dattijon. 

"Zan yi tunani," ya ce.

Mas'uda, wadda ke tsaye bayan tagar ɗakinta tana jin komai, ta ɗauki wannan a matsayin rabin amincewa. Ta koma ta yi sujada.

Da hantsi Lao Chan ya kauce daga babban titi, ya ce zai kai su ƙauyen kakarsa inda 'yan yawon buɗe ido ba sa zuwa. Gidajen ƙauyen yawancinsu a kulle suke. A gaban wata hasumiya mai tsatsa wata tsohuwa tana baza shinkafa a rana da manjagara. Ta daɗe tana kallon babbar rigar Malam Shitu, sannan ta yi dariya ta yafito su ciki.

Harshen ƙauyen ba shi ne Sinancin da Mas'uda ta koya a jami'a ba. Don haka tsohuwa ta faɗa, Lao Chan ya juya zuwa Sinancin makaranta, Mas'uda ta mayar wa mahaifinta da Hausa.

A jikin bango akwai hoton wani saurayi da kwat da hular Turawa, ya yi ja don tsufa.

"Tambaye ta, ɗanta ne?"

Aka tambaya.

"Ta ce mijinta ne, Baba."

"Allah sarki. Yaushe ya rasu?"

"Ta ce a 1986, a San Faransisko." Mas'uda ta saurari Lao Chan, fuskarta ta fara canzawa. "Ta ce... ta ce ba ta taɓa ganinsa ba."

Malam Shitu ya cire tabarau.

Tsohuwar ta zauna a kan benci, ta ci gaba da zuba kamar mai ba da labarin wata. An kawo ta gidan nan a shekarar 1948, tana da shekara goma sha takwas. Angon yana Dutsen Zinariya yana wanki da guga. Da takardun wani ya shiga ƙasar, yana tsoron in ya fito a gane shi a hana shi komawa. To a al'adarsu dole ango da amarya su rusuna tare a gaban magabata. Sai aka kamo zakara, aka ɗaura masa jan ƙyalle, wani ƙanen ango ya riƙe shi. Ta rusuna, aka sunkuyar da kan zakara. An ɗaura aure ke nan.

Mas'uda ta dakata a tsakiyar fassarar. Ta dubi Rilwanu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Shi ma yana jin Sinanci, ya riga ya ji abin da ke tafe. Da ta so, sai ta tsallake, mahaifinta ba zai taɓa sani ba. Rilwanu ya girgiza mata kai kaɗan, alamar kada ta ɓoye komai.

"Ina jin ki, Uwata."

"Ta ce ya aiko cewa zai zo baɗi." Muryarta ta karye. "Da baɗin ta zo, aka canza gwamnati a Sin, hanya ta rufe. Ta ce kuɗi na zuwa in an samu mai kawowa. Ta yi jinyar uwarsa har ta binne ta. Aka samo mata yaro ta riƙe don kada gidan ya mutu. Da hanya ta sake buɗewa, ya tsufa, ba ya iya tafiya."

"Tambaye ta zakaran fa? Me aka yi da shi?"

Da tambayar ta isa kunnen tsohuwa, sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa gwiwa.

"Ta ce ba a yanka shi ba. Ita ta riƙa ba shi tsaba har ya mutu don kansa. Ta ce shi ne mijin da ta sani, shi aƙalla yana tashinta da asuba."

Tsohuwa na dariya, Lao Chan na dariya. Hawaye ne ke zuba a fuskar Mas'uda. Malam Shitu ya tashi, ya yi wa tsohuwar godiya da rusunawa, ya fita.

Suka same shi a bakin tafkin ƙauyen, a gindin wata ƙatuwar bishiya mai kama da ceɗiya. Ya nuna musu ƙasa, suka zauna, kowa a nesa da ɗan'uwansa.

"Uwata, kin san sunan wa kika ci. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa ba ki taɓa jin an ce ga kabarin kakanki ba."

Ya dubi ruwan.

"A shekarar 1943, ina da shekara biyu, mahaifina ya tafi aikin hajji a ƙasa, kamar yadda talakawa ke yi a lokacin. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya a gonakin audugar Jazira ya yi ƙodago ya tara na ci gaba. Duk alhajin da ya dawo ta can sai ya biyo gidanmu da saƙo. Yana nan lafiya, yana gaishe ku, ya ce baɗi. Wani lokaci da ɗan turmin atamfa, wani lokaci da dabino. Alƙali ya aiko wa mahaifiyata cewa shari'a ta ba ta dama a raba auren. Ta ce a'a, ai ya ce baɗi. Duk shekara in alhazai sun fara dawowa sai ta sa a share ɗakinsa a yi sabon daɓe. Ta rasu a 1979. Ni na sa ta a kabari."

"Baba, Rilwanu ba haka yake ba," Mas'uda ta ce cikin kuka. "Wallahi ba mayaudari ba ne."

"Wa ya ce miki mahaifina mayaudari ne? Da ya yi mata ƙarya da ta huta. Kowace shekara da gaske yake nufi. Sai dai kullum akwai auduga ɗaya da ba a tsince ba, akwai bashi ɗaya da ba a karɓo ba."

Ya juya ga Rilwanu.

"Samari, ka ji ni da kyau. Ban ƙi ka don talauci ba, ban ƙi ka don rashin digiri ba. Kwanan da ka yi a mota ya gaya min abin da takardar jami'a ba za ta gaya min ba. Aure da wakili kuma halal ne, ni ma wakili ne ya karɓa min. Amma ni ina zaune a bayan masallacin ina jin ana shafa fatiha. Ka zo Kano da ƙafarka, ka zauna a bayan masallaci, in ba ka ita ko uwarta tana so ko ba ta so. Amma in ɗaura mata aure kana wata duniya, ba zan yi ba. Ba zan tilasta mata Badamasi ba. Kai ma ba zan ba ka ba a haka."

Rilwanu ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Baba, in na miƙa kaina, tsare ni za su yi, ba wanda ya san wata nawa. Daga nan su kore ni, ba dawowa. Mahaifiyata da ƙannena da ke makaranta, duk a kan siton nan suke rayuwa. In na koma hannu rabbana, da me zan riƙe likita? Shekara ɗaya kawai nake roƙo."

"Na san abin da kake roƙo."

Mas'uda ta matso ta kama gefen rigar mahaifinta.

"Baba, ni ce zan jira, kuma na yarda. Ko shekara nawa ne, na yarda!"

Ya dafa kanta.

"Mahaifiyata ma ta yarda, Uwata."

Suka tashi suka shiga mota.

Tafiyar komawa ta yi nauyi. Hasumiyoyin suna wucewa ta taga, ba mai kallonsu. Mas'uda ta rufe fuska da mayafi. Malam Shitu yana jan carbi. Rilwanu ya ƙura wa titi ido, ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Bayan la'asar, sun kusa shiga Foshan, motoci suka fara rage gudu har suka tsaya a layi. Lao Chan ya leƙa ta taga, ya dawo da kansa da sauri. Can gaba akwai shingen 'yan sanda, suna leƙa kowace mota suna karɓar katin shaida.

"Lawban," ya ce da Rilwanu, wato maigida, kamar yadda yake kiransa. Ya nuna wani lungu a hannun hagu wanda ya bi ta bayan wata masana'antar tayil. Ya yi masa bayani da sauri: ya sauka nan, ya bi lungun, zai ɓulla bayan shingen, su ɗauke shi a gidan mai na gaba. Ba yau ya fara yi wa fasinja haka ba.

Mas'uda ta yaye mayafinta.

"Sauka, Rilwanu!" Karo na farko ke nan da ta kira sunansa a gaban mahaifinta, ba ta ma lura ba. "Don girman Allah sauka. Na haƙura da komai, kai dai kada su taɓa ka."

"Samari, bi maganar direba," in ji Malam Shitu. "Sauka."

Motar gabansu ta matsa. Rilwanu ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullan sito, ya miƙo su baya ba tare da ya juyo ba.

"Ki riƙe min. In wani abu ya faru ki kai wa Isufu abokina, ya san kayan kowa. Ki ce masa shi zai gaya wa mahaifiyata, kada ta ji a bakin 'yan kasuwa."

Ya buɗe ƙofa ya sauka. Mas'uda ta saki ajiyar zuciya, ta dubi lungun tana jiran ta ga ya shige.

Bai shiga lungun ba.

Ya miƙe gaba, ta gefen layin motoci, yana tafiya a natse kamar mai zuwa masallaci. Koren fasfonsa yana hannunsa na dama.

"Inna lillahi!" Ta kai hannu ga ƙofa, mahaifinta ya riƙe ta. "Baba, sake ni! Baba, kira shi!"

Dattijon ya sauke gilashi ya ɗaga murya, amma ƙarar manyan motoci ta haɗiye ta.

Kafin layi ya kawo su shingen, an riga an tsayar da Rilwanu a gefen motar 'yan sanda, wani jami'i yana buɗe fasfonsa shafi-shafi. Ya riga ya shaida musu cewa direban bai san komai ba. Malam Shitu ya fito, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Ban ce yau ba, yaro! Wallahi ban ce yau ba!"

"Na sani, Baba." Rilwanu ya rusuna, ko da yake ɗan sanda na riƙe da damtsensa. "Amma in na bi ta bayan masana'anta yau, baɗi ma ta nan zan bi. Na san kaina."

Ya dubi Mas'uda, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Likita, ba a kuka a gaban marar lafiya."

Ta toshe baki da hannu biyu.

Babban jami'in, wani mai furfura a gefen kunne, ya duba fasfon uba da na 'ya, ya ga komai daidai, ya mayar musu. Sannan ya nuna Rilwanu da biro, ya yi wa dattijon tambaya. Malam Shitu ya juya ga 'yarsa.

"Me yake cewa?"

"Yana tambaya ne, Baba..." Ta haɗiye kuka. "Wai mene ne tsakaninka da shi. Wai in ba ka san shi ba, mu wuce."

Malam Shitu ya gyara tsayuwa, ya dubi jami'in ido cikin ido.

"Gaya masa surukina ne."

Mas'uda ta tsaya kamar ba ta ji ba.

"Gaya masa, Uwata. Ki faɗa da ƙarfi yadda zai rubuta."

Ta faɗa. Kalmar ta fito daga bakinta a karye, sai da ta maimaita. Jami'in ya rubuta, ya karɓi lambar wayarta. Rilwanu ya runtse ido, hawayen da ya riƙe tun bakin tafki suka zubo. Aka buɗe masa ƙofar baya, ya shiga, aka rufe.

Mas'uda ta bi jami'in tana tambayarsa ina za a kai shi, yaushe za a sake shi, wane jirgi za a sa shi. Ya ba ta amsa gajeriya, ba da faɗa ba, ya juya ga motar da ke biye da su.

Ta dawo ta tsaya a gaban mahaifinta, makullan suna damƙe a hannunta.

"Me ya ce?"

Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Uwata, me ya ce?"

"Ya ce mu koma gida mu jira."

Malam Shitu ya dafa jikin mota, ya zauna a kan matakin ƙofa, ya rufe fuskarsa da hannun riga. Motocin baya suka fara danna hon.